Makunnan Garmar Malam Maitama

Duk wanda ya bi ta layin masu gyaran mota na Ƙofar Kaura a bazarar nan ya ga abin, kuma duk wanda ya gani sai da ya tofa albarkacin bakinsa. Babur ne mai ƙafa huɗu, tayoyinsa ɓul-ɓul, wanda Babaji mai gyaran wayar mota ya jawo daga gwanjo a mace, ya kafe shi a ƙarƙashin rumfarsa wata uku yana ta kwance-kwance da ɗaure-ɗaure. Wasu suka ce kwaɗo ne aka yi wa taya, wasu suka ce tarakta ce da ba ta gama girma ba. Babaji ya ci gaba da aikinsa. Hankalinsa yana kan rana ɗaya, ranar da ruwa zai sauka a gonar mahaifinsa, Malam Maitama na Ƙofar Durbi.

Ga yadda maganar take. Malam Maitama tsohon malamin gona ne, ya gama aikin gwamnati ya koma wa gonar da suka gada a bayan gari ta hanyar Daura, yana bin garmar shanu da ƙafarsa yana da shekara saba'in da ɗoriya. Bara hawan jini ya kayar da shi. Ya yi sati uku a asibiti, ya fito yana jan ƙafar hagu, ya koma salla a kan kujera. Shi ke nan bin shanu ya ƙare. Ita kuwa gonar, gari ya riga ya cim mata, gidaje sun kewaye ta ta gabas da kudu. Ƙanensa Alhaji Abbas, wanda shi ma yake da rabo a ciki, ya kawo shawarar a yanka ta filaye. Ba mugun mutum ba ne Alhaji Abbas, yana da 'ya'ya maza biyar da suke neman inda za su kafa tubali, kuma ya yi haƙuri shekara da shekaru saboda yayansa.

Aka zauna a zaure, da liman da dattawan unguwa biyu. Aka ce wa Malam ko ya sa 'yan ƙwadago su riƙa noma masa, ya ce shi gonar da mai ita ba ya huɗa ta da kansa ba ya kiranta tasa. Da aka matsa, sai ya ce, “To ku ji. In ruwa ya sauka na kasa huɗa layi guda da kaina, daga wagga iyaka zuwa waccan, ku kira masu awo. Na yi magana.”

Kowa ya ɗauka hanya ce dattijo ya nema ta sakin gonar ba tare da an ce an ƙwace masa ba. Kowa, ban da Babaji, wanda yake tsugune can bakin ƙofa inda ya saba tsugunawa. Shi ya san irin yadda mahaifinsa yake tsayawa a bakin gonar nan yana kallon gero kamar mai kallon jikoki. Ya san in gonar ta tafi, abin da ya rage wa tsohon shi ne zaure da rediyo da jiran kiran salla.

To amma akwai wani abu tsakanin mutanen nan biyu da sai an faɗa. Babaji ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Malam aka sa masa. Saboda haka shekara arba'in da uku ke nan Malam bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, bai taɓa yi masa magana kai tsaye ba in ban da amsa gaisuwa. Kakarsa ce ta raine shi. Mahaifiyarsa kuwa ta fi Malam tsanani, in ta ji sallamarsa sai ta tuna tana da aiki a madafa. Kada wani ya ce ƙiyayya ce, alkunya ce irin ta mutanen da, kuma gidan Malam sun riƙe ta da hannu biyu. Duk saƙon da zai bi tsakaninsu, ta bakin Bashira yake bi, autar gidan, wadda take iya zama gefen tabarmar Malam ta ɗauki dabinonsa ta ci yana kallo. A bakin Malam, sunan Babaji “mutumen Ƙofar Kaura.”

Da injin ya tashi, Babaji ya ɗaura masa garma a baya, mai hawa da sauka da wutar batir. A gaba kuma ya ɗaura winci, wato ɗan injin nan mai naɗe igiyar ƙarfe, don in babur ya kafe a laka a ɗaura igiyar a jikin bishiya ya ja kansa ya fita. Babur ɗin ba shi da kuloci, birkinsa a ƙafar dama yake, ƙafar da take da lafiya. Komai ya zauna daidai. Abin da ya rage shi ne makunni biyu, ɗaya na garma ɗaya na winci, da inda za a kafa su a kan babur.

Wannan kuwa ba ya buƙatar dogon tunani ga mai sana'a. Irin wannan babur totur ɗinsa ba murɗawa ake yi ba, da babban yatsan dama ake dannawa. Tunda yatsan dama yana da aikinsa, makunni sai su koma hagu, haka kowa yake yi. Babaji ya riƙe kan babur da hannunsa na hagu, ya miƙa babban yatsa, ya yi alama da alli daidai inda ya kai. Sai ya tsaya yana kallon alamar. Hannunsa ne ya auna, ba hannun mai hawa ba. Da abokin ciniki ne, da ya ce masa ya zo ya zauna ya kama a gani. Ya gwada faɗin maganar a ransa, “Baba, miƙo hannunka,” sai ya ji kunnuwansa sun yi zafi, shi kaɗai a cikin rumfa.

Ya kira Bashira a waya. Ya ce ta tambayo masa ta wane ɓangare Malam yake son makunnan. Bayan la'asar ta kira shi tana dariya.

“Yaya, ya yi shiru har na ɗauka barci ya kwashe shi. Sannan ya ce a hwaɗa ma mutumen Ƙofar Kaura ya yi yadda masu aikin suke yi.”

Babaji ya ji daɗin wannan amsa har cikin ransa, don a kunnensa yarda ce. Kwana biyu ya yi a kan makunnan nan, aikin da yake gamawa cikin awa ɗaya in na wani ne. Ya lanƙwasa ɗan ƙarfe ya yi musu mazauni, ya naɗa roba a ƙarƙashi don kada su zame, ya ɗaure da noti biyu. Ya jawo wutar daga mabuɗi, yadda in an kashe babur komai zai mutu, batir ba zai tsiyaye ba. Ya zura wayoyin cikin tiyo, ya bar musu sarari a wuya, ya karya kan babur dama ya karya hagu sau ba adadi yana duba ko wata waya za ta ja. Makunnin garma ya sa shi a sama, don shi za a fi taɓawa, ya shafa masa jan fenti yadda ido mai rauni zai gane shi. Da ya ga yana da ɗan tauri, ya kwance shi ya canza wani mai laushi, wanda ko shafa shi aka yi zai amsa. Ya ce a ransa yatsan tsoho ba zai sha wahala ba.

Ruwa ya sauka ranar Laraba da yamma, mai yawa, har kwatocin unguwar Gobarau suka cika suka tumbatsa. Alhamis da hantsi aka hallara a gona: Alhaji Abbas, da liman, da dattawan nan biyu, da Bashira riƙe da lema, da wasu maƙwabtan gonar da suka ji ƙarar inji suka fito kallo. Ƙasa ta yi laushi, tana ta ƙamshi.

Malam Maitama ya zo cikin babbar riga fara, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Liman ya tsokane shi, ya ce yau noman manya za a yi. Alhaji Abbas ya tallafe shi ya hau. Ya zauna ya gyara hula, sannan ya sa hannun dama ya tattara hannun rigarsa na hagu ya ɗora a kan babur, kamar mai gudun kada rigar ta shiga taya. Bashira ta maimaita masa abin da Babaji ya koya mata, ga totur, ga birki, ja na garma ne. Ya danna totur a hankali, babur ya motsa.

Wayyo, da kun ga fuskar tsohon nan. Daga bakin hanya zuwa iyakar gona bai fi taku hamsin ba, amma a cikin takun nan shekara goma ta sauka daga kansa. Ya miƙe ƙirji, yana murmushi har ana ganin giɓinsa. Babaji yana biye a gefe da sassarfa, cike da murna. Malam ya kai bakin iyaka, ya daidaita kan babur da bishiyar ɗorawa da take can ɗaya ƙarshen, ya taka birki. Saura a sauke garma.

Aka jira. Inji yana ta gurnani, garma tana sama. Malam ya sunkuyar da kai yana kallon hannun rigarsa. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗaga, ta sauka, ta sake ɗagawa. Gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin hularsa. Can sai ya ɗago, ya dubi sararin sama, ya ce da murya sama-sama, ba da kowa ba, “Wanga abu bai aiki.”

Wani daga cikin 'yan kallo ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce dama an ce kwaɗo ne. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce kayan gwanjo ke nan, kuma gyaran zamani sai a hankali. Alhaji Abbas ya buɗe baki zai ce to a mayar gareji a duba, a dawo wata rana.

Babaji bai bari ya ƙarasa ba. Wata uku na ƙuna da yankan waya suka taso masa a ƙirji, ga shi a gaban mahaifinsa ake cewa aikinsa bai yi ba. Ya manta da bakin ƙofa, ya manta da Bashira, ya yi tsalle ya isa jikin babur.

“Shina aiki! Wallahi shina aiki, da asuba na gwada shi!”

Ya kai hannu, ya ture hannun rigar da ya rufe makunnan, ya dangwala ja. Garma ta sauka ƙasa, tim. Ya sake taɓawa ta hau. Ya sake ta sauka. Ya waiwaya ga mai dariyar nan yana huci, ya ce, “Ga shi nan, ɗan taɓawa ne kawai.” Sai ya ga ba wanda yake kallon garma, ba kuma wanda yake kallonsa. Ya bi idanunsu.

Hannun Malam na hagu yana kwance a kan ƙarfen a buɗe, rigar da ta rufe shi ta zame har gwiwar hannu. Ya rame, fatar ta yi sheƙi. Yatsu huɗu sun lanƙwashe ciki, babban yatsan ya kwanta a tafin hannu, ba ya ko motsi. Tsakaninsa da jan makunnin bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa ba.

A garin nan wa yake ganin hannun hagun dattijo? Da dama yake gaisawa, da dama yake cin tuwo, da dama yake jan carbi, da dama yake miƙa wa jikoki alewa. Salla kuwa, hannuwa a sake yake yin ta tun yana yaro, yanzu ma a zaune, cikin riga mai yalwa. Alwala a ɗaki yake yi, matarsa tana zuba masa ruwa, ita kuwa ko za a yanka ta ba za ta fitar da abin da mijinta ya rufe ba, balle ga ɗan fari. Mutum sai ya yi wata da watanni da mataccen hannu a tsakiyar iyalinsa, kowa yana yi masa barka da samun sauƙi.

Alhaji Abbas ne ya fara magana. “Yaya, tun yaushe?”

“Tun azumi,” in ji Malam. Ya sa hannun dama ya ɗauko na hagun, ya ajiye shi a cinya, ya ja riga ya rufe. Ya kashe babur da kansa. “Kama ni in sauka.”

“Yaya, ga garma ta sauka, ka tahi kawai, mu duk shaida ne.”

“Ba ni na sauke ta ba.”

“To a bar maganar awon nan. Wallahi na janye, yara su nemi wani wurin.”

“Abbas, gaban liman na yi magana. Ka kira masu awo.”

A lokacin ne abin ya faɗo wa Babaji. Malam ya san makunnin lafiyarsa lau. Ya zo ne da fatan ko yatsan zai taimaka masa sau ɗaya, da ya ƙi, sai ya jefa wa ɗansa magana. Da Babaji ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne, waya ce ta saki, da an tura babur gareji, da an yi masa dariyar kwana biyu an manta, da kafin dare saƙo ya zo ta bakin Bashira cewa a mayar da makunnan dama. Sau ɗaya tak a duniya mahaifinsa ya nemi ya rufa masa asiri, a irin yaren da su biyun suka iya, shi kuwa ya tsaya kare sana'arsa. Baƙin cikin da ya kama shi a wurin nan bai taɓa jin irinsa ba, ko ranar da aka binne kakarsa.

Malam ya bi ta gabansa yana jan ƙafa, Bashira tana riƙe masa lema tana share hawaye da mayafi. Bai dube shi ba. Wannan ba sabon abu ba ne, amma ranar ya yi wa Babaji ciwo.

Kafin la'asar Babaji ya kwance makunnan. Ya mayar da su dama, a saman totur, ya sake jan waya, ya sake naɗe tiyo. Minti arba'in aikin ya ɗauka. Mai hawa zai saki totur, ya taɓa ja, ya koma totur, shi ke nan. Ya zauna a kan benci yana kallon abin, makanikan layi suna wucewa suna yi masa sannu, ba wanda ya sake ambatar kwaɗo, don labari ya riga shi isowa.

Juma'a bayan an sauko masallaci ya je Ƙofar Durbi. Ya tsuguna a bakin ƙofar zaure ya yi gaisuwa, an wuni lafiya, ya jiki, ya ruwa, Malam yana amsawa yana kallon tabarma. Da gaisuwa ta ƙare, Babaji ya dubi Bashira da take zaune a tsakaninsu.

“Ki hwaɗa ma Baba na mai da su dama. Hannu guda ya isa. Masu awo sai gobe, in ya yarda yanzu ma sai mu tahi, ba kowa a gonar.”

Bashira ta juya ta maimaita, kalma bayan kalma, ga mutumin da ya riga ya ji komai. Malam ya daɗe yana murza carbi.

“Ki ce mashi Allah shi yi albarka. Ki ce mashi abin da za a gani an riga an gani.”

“Ki ce ya yahe mani,” in ji Babaji.

“Ki ce mashi ban riƙe shi da komi ba. Ya yi yadda masu aikin suke yi.” Ya miƙa hannu ya kunna rediyo.

Asabar da safe Babaji ya hau babur ya nufi gonar, shi kansa bai san abin da zai je yi ba. Ya tarar masu awo uku sun riga shi, sun kafa na'urarsu mai ƙafa uku, sun fara buga turaku masu jan ƙyalle. Ya tsaya a daidai inda mahaifinsa ya tsaya, sawun tayoyin yana nan bai goge ba. Ya ɗora hannunsa na hagu a kan ƙarfe, ya lanƙwashe yatsun, ya kwantar da babban yatsa a tafin hannu, ya sake shi kamar ba nasa ba. Da yatsan dama ya taɓa ja, garma ta sauka. Ya koma totur.

Babur ya tafi sumul. Ƙasa tana tsagewa a bayansa, baƙa, mai danshi, tana kifewa gefe. Kan babur bai ko karkace ba. Ya so ƙwarai abin ya gagara, ya so tayar ta zame ko garmar ta sarƙe, don ya samu abin da zai gaya wa zuciyarsa. Ba abin da ya sarƙe. Ya isa gindin ɗorawa, ya saki totur, ya taɓa ja, garma ta hau. Ya waiwaya, ga layi ɗaya miƙaƙƙe daga wannan iyaka zuwa waccan, da hannu ɗaya.

Ya kifa goshinsa a kan makunnan ya fashe da kuka, kuka mai sauti, irin wanda babba ba ya yi a waje.

Ɗaya daga cikin masu awon ya tako ya zo, riƙe da igiyar awo. Ya yi gyaran murya.

“Malam, sannu. Don Allah in ka gama ka ɗan janye mana shi bakin hanya. Nan inda ka huɗa titi ne zai bi.”